A karo na huɗu sai suka kunna fitilar ɗakinsu

Ɗaki biyu ne, bango ɗaya ya raba su, a jikin bangon kuma an kafa wani faffaɗan gilashi. Wanda ke ɗakin da fitila ke kunne, in ya ɗaga kai, fuskarsa kawai zai gani kamar a madubi. Wanda ke ɗakin da aka kashe wa fitila kuwa yana ganin duk motsin mutanen ɗaya ɓangaren, yana kuma jin maganarsu ta lasifika. A irin wannan wuri ne, a garin Tromso da ke can ƙuryar arewacin Norwe, wata rana a watan Maris na 1985, wani matashi mai koyon aikin gyaran zaman iyali ta hanyar tattaunawa ya zauna da wasu iyali da wahala ta daɗe tana nuƙurƙusa. A ɗakin duhun kuma malamansa ne ke zaune, cikinsu har da Tom Andersen, likitan ƙwaƙwalwa kuma malami a jami'ar garin.

Zaman ya cije. Iyalin ba su da wata magana sai ta ƙuncin da suke ciki; duk tambayar da aka yi musu, amsar sai ta gangara ta koma ramin nan. Shi kuma matashin, maimakon ya jawo su waje, sai ga shi su ne ke jan sa ciki. Malaman suka kira shi, suka ba shi shawara ya yi tambayoyin da za su buɗe ƙofar fata. Ya koma ya yi yadda aka ce. Ba a daɗe ba iyalin suka mai da shi inda aka baro. Aka sake kiran sa, aka sake ba shi tambaya, ya sake shiga, aka koma gidan jiya. Sau uku ana haka.

Duk wanda ya taɓa koyar da aikin sauraron mutane ya san wannan gaɓa. Ka ga ɗalibinka yana nitsewa, kana da igiya a hannu, ka jefa masa, ba ta kama ba. Zuciya za ta ce maka ka sake jefawa da ƙarfi. In ba ta kama ba har sau uku, to ko ka shiga da kanka ka karɓe aikin, ko ka yanke a ranka cewa yaron nan bai iya ba, ko kuma iyalin nan ba sa son gyara. Mutanen Tromso ba su bi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, abin da suka yi a karo na huɗu kuma shi ya sa nake ganin labarin ya cancanci a warware shi zare-zare. A fahimtata, ranar nan ba mutum ɗaya ne ya maƙale ba. Iyalin sun maƙale, ɗalibin ya maƙale, malaman da ke bayan gilashi su ma sun maƙale, sai dai su kaɗai ne ba a gani.

Gilashin da ɗakin duhu

Aikin gyaran zaman iyali ta hanyar tattaunawa ya tsiro ne a Amurka a shekarun 1950. Tushensa tunani ne mai sauƙin faɗa: yarinyar da ta daina cin abinci, ko matar da ta daina magana, ko saurayin da aka kawo asibiti ana cewa ya zauce, ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Abin da ke damun sa yana da nasaba da yadda ake magana a gidan, da wanda ake saurara, da wanda ake share wa, da abin da kowa ya sani amma babu mai furtawa. Don haka ake tara gidan a ɗaki ɗaya. To amma zama da mutum biyar ko shida masu jin haushin juna ba a littafi ake koyon sa ba, kuma in ɗalibi ya zo bayan mako guda yana ba malaminsa labarin yadda zama ya kasance, rabin abin da ya faru ya riga ya zube a hanya. Shi ya sa gilashin ya samu karɓuwa. Gani ya kori ji. Malami na kallo da idonsa, yana kuma iya gyara nan take, ko ta wayar da ke ɗakin, ko ta ƙwanƙwasa ƙofa. A asibitin kula da tarbiyyar yara na Filadelfiya, inda Salvador Minuchin da Jay Haley da Braulio Montalvo suka yi aiki tare, an mai da wannan hanya ginshiƙin horo, har Montalvo ya rubuta ƙa'idojinta a 1973.

A birnin Milan na Italiya kuma likitoci huɗu, Mara Selvini Palazzoli da Luigi Boscolo da Gianfranco Cecchin da Giuliana Prata, suka ƙara wa ɗakin duhun ƙarfi. A tsarinsu, tun kafin iyali su shigo tawaga ta zauna ta yi hasashen abin da ke riƙe da matsalar. Ana cikin zama sai a yi hutu, mai tattaunawar ya bar iyalin su kaɗai ya koma bayan gilashi, a rufe ƙofa a yi shawara, sannan ya fito da saƙo guda wanda aka auna kalmominsa, ya isar, a sallami iyalin ba tare da doguwar muhawara ba, sai kuma bayan kamar wata guda. Sun yi aiki da gidajen da ke fama da manyan lalurori, sunansu kuma ya zagaya duniya. A wannan makaranta Andersen da abokan aikinsa suka taso.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ci wa Andersen tuwo a ƙwarya. Mutum ne da ya fara aiki a matsayin likitan karkara, yana shiga gidajen mutane, yana ganin yadda ciwon mutum ɗaya ke girgiza gida gaba ɗaya. Bai saki jiki da matsayin wanda ke fitowa daga ɗakin sirri ya gaya wa mutane yadda za su fahimci rayuwarsu ba. Ga kuma batun harshe. Ɗakin da babu mai jin ka sai abokan sana'a yana sakin baki. A can ne ake laƙaba wa uwa sunan mai juya kowa, a ce uba ragon namiji ne, a yi dariya, sannan a wanke maganar a sa mata riga kafin a kai wa masu ita. Andersen da kansa ya amsa cewa a bayan gilashin sukan yi amfani da kalmomin da ba za su iya maimaitawa a gaban iyalin ba. Tun 1981 shi da wata ma'aikaciyar jinya, Aina Skorpen, suke tambayar juna: me zai hana a bar mutanen su ji yadda muke tattauna batunsu? Shekara huɗu tunanin na ajiye, tsoro ya hana a gwada. Suna gudun kada su faɗi abin da zai yi wa mutane rauni, ko su ji kunya a gaban waɗanda suka zo neman taimako.

Kira uku

Shawarar da malaman suka ba matashin ba mummuna ba ce. Tambayar da ke nemo ranar da abin ya yi sauƙi, ko mutumin da ya taɓa taimakawa, kayan aiki ne na gaske, ana kuma amfani da su har gobe. Abin dubawa shi ne kira na biyu da na uku ba su bambanta da na farko ba. Tun 1974 masana uku na Palo Alto a Kalifoniya, Paul Watzlawick da John Weakland da Richard Fisch, suka bayyana cewa sau da yawa abin da ke raya matsala shi ne maganin da ake ta maimaitawa. Uwa ta yi faɗa, yaro ya ƙi ji, ta ƙara faɗa, ya ƙara taurin kai, har faɗan ya zama shi ne ciwon. Duk mai wannan sana'a ya haddace haka game da iyalai. Mai wuyar gani shi ne ranar da shi malamin ya faɗa ciki, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga yadda nake karanta zaman. Mutanen da suka daɗe cikin wahala sun saba jin kalma ɗaya daga dangi da maƙwabta da ma'aikata: ku yi haƙuri, ku dubi alherin da ke gabanku. Duk wanda aka gaya wa haka tun bai gama faɗin ciwonsa ba, abin da yake ji shi ne ba a yarda da girman ciwon ba, sai ya sake faɗa da babbar murya. Matashin ya shigo da tambayar fata, iyalin suka ji irin maganar da suka saba ji, suka ba da irin amsar da suka saba bayarwa. Shi kuma ya fito ɗauke da nauyin da ya kwaso a ɗakin, malamansa suka miƙa masa wata tambayar fata, wato suka yi masa daidai abin da ake yi wa iyalin. Rawa ɗaya ce ake takawa a ɗaki biyu. Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. Harold Searles, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya lura tun 1955 cewa abin da ke gudana tsakanin mai jinya da likitansa yakan sake bayyana tsakanin likitan da mai duba aikinsa, Howard Liddle da George Saba kuma suka kawo batun cikin horar da masu aikin iyali a 1983. Sanin sa a takarda daban, gane shi alhali kana tsakiyarsa daban.

A dubi kuma abin da kira uku ke yi wa ɗalibi. Iyalin na kallon sa yana tashi, yana fita, yana dawowa da tambayar da kowa ya san ba tasa ba ce. A karo na farko za su ce ana taimaka masa. A karo na uku sun gane cewa masu ilimin suna can ciki, wannan ɗan aike ne. Shi ma ya fara sauraro da kunne biyu, ɗaya na wurin iyalin, ɗaya na tsammanin kira, rabin hankalinsa na lissafin abin da ake faɗa a kansa a ɗakin duhu. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya iya jin kalmar da uwa ta faɗa a hankali ta wuce, alhali sau tari ita ce mabuɗin. Kowane kira da aka yi don a ƙarfafa shi sai da ya rage masa kwarjini.

Juya fitila

Bayan kira na uku sai suka tuna cewa a nasu ɗakin ma akwai makirfo da aka haɗa da lasifikar ɗakin iyalin. Suka ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan karon ba su kira matashin waje ba. Suka tambaye shi, shi da iyalin, ko za su so su saurari abin da tawagar ke tunani. Aka amsa. Aka kashe fitilar ɗakin iyalin, aka kunna ta malaman, aka juya sautin. Waɗanda ake kallo suka koma masu kallo. Malaman suka zauna a haske suna magana da junansu game da abin da suka ji, iyalin da matashin na zaune a duhu suna sauraro, babu wanda aka ce ya amsa komai. Da suka gama aka mai da fitila yadda take. Sun shirya ganin ɓacin rai ko gundura. Abin da suka gani shi ne mutane sun yi shiru suna tunani, can kuma suka fara magana da juna, da murmushi, da fatan da aka yi ta nema tun farkon zama ba a samu ba. Shekara biyu bayan haka, a 1987, Andersen ya wallafa bayanin hanyar a mujallar Family Process, daga nan ta bazu a duniya da sunan da za a iya fassarawa da tawagar tunani a fili.

Me ya sauya? Ba wata dabara ta musamman malaman suka faɗa ba. Matsayin kowa ne ya sauya. Mutumin da ake yi wa tambaya dole ya shirya amsa, wanda ake yi wa nasiha dole ya karɓa ko ya kare kansa. Amma wanda ke jin ana maganarsa da mutunci, ba a kallon idonsa, ba a jiran ya ce komai, yana da sararin da zai yi magana da zuciyarsa. Ya ɗauki abin da ya shige shi, ya bar sauran. Andersen ya ba wannan muhimmanci ƙwarai, wato kai-komo tsakanin maganar da ake yi a fili da wadda mutum ke yi a cikinsa yayin da yake sauraro. Ga kuma abin da hasken ya yi wa malaman. Laƙabi ya faɗi, dariya ta tsaya, wanda ya saba cewa matsalar gidan nan kaza ce dole ya koma cewa ina tunanin ko kaza ne. Saƙo guda da ake daka wa a fito da shi ya zama ra'ayi biyu ko uku da ba lallai su dace da juna ba. Iyalin suka ga manyan likitoci suna lalube kamar kowa, suka kuma ga cewa wahalarsu ta taɓa mutanen.

Ɗalibin kuwa, wanda labarin ya faro a kansa, an sauke masa kayan ɗan aike. Ya zauna kusa da iyalin ya ji abin da suka ji a lokacin da suka ji shi. Da aka dawo da fitila, aikinsa shi ne ya tambaye su ko akwai abin da suke son cewa game da abin da suka saurara, kuma hirar da ta biyo baya tasa ce da su. Ba a ƙwace masa ɗakin ba, ba a kuma bar shi shi kaɗai a ciki ba. Wannan tsakiyar ce mafi wuyar samu a aikin duba ɗalibi.

Akwai wani darasi da Andersen ya samo daga wajen sana'arsa, wanda nake ganin ya fi komai bayyana dalilin da kira ukun suka gaza. Ya yi shekaru yana kallon aikin wasu mata biyu masu aikin gashin jiki da tausa, Aadel Bülow-Hansen da Gudrun Øvreberg. Sukan matsa tsokar da ta ɗaure har mutum ya ji ɗan zafi, ya ja numfashi, sannan ya saki, tsokar ta saki tare da numfashin. In matsawar ta yi laushi da yawa, babu abin da ke faruwa. In ta yi tsanani, mutum ya ja numfashi ya riƙe, jikin ya ƙara ɗaurewa. Idonsu kullum na kan numfashin, shi ke gaya musu ko sun kai ko sun wuce. Andersen ya haɗa wannan da tunanin Gregory Bateson, wani masanin halayyar al'umma ɗan Ingila, game da bambancin da ke haifar da sauyi, ya ce magana ma haka take. Wadda ta yi kama da abin da mutum ya saba ji ba ta motsa shi. Wadda ta yi nisa da shi da yawa tana sa ya rufe ƙofa. Sai wadda baƙuncinta ya zo daidai. Tambayar fata ga mutanen da ke tsakiyar ƙunci ta yi musu nisa, suka riƙe numfashi. Kuma ma'aunin nan bai tsaya kan iyali ba, yana aiki a kan ɗalibi.

Daga baya aka fitar da ladubban hanyar, kuma kusan dukkansu na harshe ne. Masu tunanin suna magana ne kawai a kan abin da aka faɗa a ɗakin, ba abin da suka karanta a fayil ko suka ji a waje ba. Suna fara da maimaita kalmar mai ita, sannan su faɗi abin da ta tayar musu, da sigar tambaya da shakka. Ba a cewa ko wannan ko wancan, ana cewa da wannan da wancan. Ba a aibata kowa. Suna kallon junansu ne, ba iyalin ba, don kada kallo ya zama tilas. Kuma ba a daɗewa, 'yan mintoci ne, ana kuma barin wurin shiru. An ma gane cewa gilashin ba dole ba ne. Ana iya zama ɗaki ɗaya a ja kujeru gefe.

Wani zama da na yi

Na san zafin wannan labari ne domin na taɓa zama a kujerar malaman. Wata matashiya da nake duba aikinta ta kawo mini batun wani gida: miji da mata da mahaifiyar mijin. Duk zama tsohuwar ce ke magana daga farko har ƙarshe, matar ta sunkuyar da kai, mijin na kallon ƙasa. Na ce mata ta katse tsohuwar cikin ladabi ta ba matar dama. Ta dawo mako na biyu, babu sauyi. Na maimaita, har na tsara mata jimlar da za ta faɗa. Mako na uku ta dawo da labari iri ɗaya, na ji raina ya fara sosuwa, na kuma ga ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa yayin da nake magana. Wannan sunkuyawar ce ta tsayar da ni. Ita ce dai sunkuyawar da ta yi ta ba ni labari.

Na roƙi wata abokiyar aiki ta zauna da mu. Ta yi wa matashiyar tambayoyi ina sauraro ban sa baki ba, sannan mu biyu muka juya kujeru muka tattauna, ita tana ji. Abokiyar aikin ta ce ta lura duk lokacin da aka ambaci tsohuwar muryar matashiyar na raguwa, tana tunanin ko wa take gani a fuskar matar. Ni kuma na ce ina tunanin ko mako uku ke nan ina neman ta yi abin da ni kaina ban ba ta damar yi mini ba. Da muka juyo ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Malam, matar nan sa'ar mahaifiyata ce. A gidanmu ko yayata ba na katsewa. In na buɗe baki sai in ji kamar na zage ta." Na ce, "Malama, me ya hana ki gaya mini tun farko?" Ta ce, "Kai ma ai ban iya katse ka ba."

Shawarata ta yi mata nisa, ta riƙe numfashi mako uku. Mafitar da ta samo da kanta ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. A zama na gaba ba ta katse kowa ba. Ta fara da tsohuwar, ta ce, "Mama, ke da kika riga mu duka sanin zaman aure, lokacin da kike amarya, wa ke sauraron ki in abu ya dame ki?" Tsohuwar ta yi magana mai tsawo, amma wannan karon game da kanta, kuma a karon farko surukar ta ɗaga kai ta dube ta. Gidan bai gyaru a ranar ba, an ɗauki watanni, wasu abubuwan ma ba su gyaru ba. Amma zaman ya motsa, kuma da hannunta ya motsa.

Inda hanyar ba ta kai ba

Ba na son a ɗauka cewa daga yau malami ya daina ba da umarni. Akwai ranar da tunani a fili bai da wuri. In akwai duka a gidan, ko ana cutar da yaro, ko wani ya furta cewa zai kashe kansa, mai duba aiki ba zai zauna yana cewa ina tunanin ko kaza ba. Zai faɗi abin da za a yi, a yi shi, domin alhakin rai na wuyansa. A gidan da mace ke tsoron mijinta kuma, abin da aka faɗa a fili game da ita yana iya zama abin da za ta biya a daren nan. Sabon ɗalibi ma yana da haƙƙin a nuna masa yadda ake buɗe zama da yadda ake rufe shi. In aka amsa kowace tambayarsa da wata tambayar, an yashe shi ne da sunan girmamawa. Ga tsada: tara ma'aikata uku ko huɗu a kan gida ɗaya ba abu ne da kowace cibiya za ta iya kullum ba, shi ya sa wurare da yawa ke ajiye hanyar don horo da kuma lokacin da aiki ya cije.

Haɗarin da ya fi damu na shi ne na zaƙin baki. Da yake an hana aibatawa, tawaga mai rauni sai ta koma yabo: kai, gidan nan akwai juriya, uwar nan jaruma ce. Michael White na Ostareliya, wanda ya ɗauki hanyar ya sake mata fasali a nasa aikin, ya yi gargaɗi a kan haka, domin yabon da ke saukowa daga sama shi ma hukunci ne, kuma mai wahala yana gane wanda ke lallashin sa. Da malaman Tromso sun kunna fitila sun yi ta zuba yabo, da kira na huɗu suka yi da wata riga. A wurinmu kuma, inda kunya da girman na gaba ke da nauyi, sai an yi tambaya ta gaske kafin a fara. Akwai dattijon da zai ji an tozarta shi in ƙananan ma'aikata suka tattauna batun gidansa a gaban 'ya'yansa, akwai kuma wanda hakan zai fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan a dube shi ido da ido a yi masa nasiha. Mun saba da hikimar yi wa mutum magana ta kan wani, a faɗa wa na kusa don na nesa ya ji. Bambancinta da habaici shi ne an nemi izini, kuma ba a nufin harbi.

Shi kansa Andersen bai so hanyar ta daskare ta zama dabarar da ake haddacewa ba. Daga baya ya rage amfani da kalmar tawaga, ya fi son a yi maganar tafiyar tunanin kanta, wadda mutum biyu ma za su iya yi. An kai ta gidan yarin Kalmar a Suwidin, inda fursunoni da gandirebobi suka riƙa sauraron juna bi da bi. A yammacin Laflan na ƙasar Finlan, Jaakko Seikkula da abokan aikinsa sun sa ta cikin tsarinsu na kula da masu taɓin hankali, inda ma'aikata ke tattauna shawarar magani a gaban mai jinya da danginsa. A shekarun 1990 kuma Andersen ya ƙara taki ɗaya a fannin horo: a gayyato iyalan da aka gama aiki da su su dawo, a zaunar da ma'aikacin da ya yi musu aiki, wani daban ya tambaye su wane lokaci ne suka ji an saurare su, wane lokaci ne suka so yin magana ba a ba su dama ba. Ma'aikacin na gefe yana ji. Andersen ya ci gaba da yawo ƙasashe yana irin wannan zama har rasuwarsa a 2007.